Lambun tsakar gida: daga shirya fangali zuwa sanin furanni, lemar kwaɗi da tsuntsaye

Fili mai taku huɗu a tsaye da taku uku a kwance ya isa lambun gida, muddin rana tana samunsa. A ɗan wannan wuri za a samu alayyafo, yakuwa, kuɓewa, ɗaɗɗoya da tushen zogale biyu, uwargida ta rage aike kasuwa saboda ganyen miya. Taki ana samu, iri ana saya, ruwa ana yi masa dabara. Abin da ya fi kashe lambunan gidajenmu shi ne rashin dubawa: a shuka, a riƙa watsa ruwa a tsaitsaye, ba wanda zai sunkuya ya ga abin da ke bayan ganye sai ɓarna ta gama. Shi ya sa na haɗa aikin lambu da lura da furanni, lemar kwaɗi da tsuntsaye a jagora ɗaya. Su ukun nan ke ba mai lambu labarin ƙasarsa da ruwansa da lokacinsa, kuma wanda ya saba kallonsu ba ya rasa dalilin leƙa shukarsa kowace safiya.

Watannin da zan ambata na yankin Kano, Katsina da Jigawa ne. Mutumin Zariya ko Bauchi ya san daminarsa tana riga tamu sauka, ta kuma daɗe. Na Maraɗi da Damagaram kuwa tasa tana makara, ta ɗauke da wuri.

Mataki na farko: zaɓen wuri

Kafin ka sa fartanya, ɗauki kwana biyu kana kallon wurin da hantsi, da azahar, da la'asar. Ina rana take faɗawa, ina inuwar katanga take kaiwa? Tumatir, kuɓewa da barkono suna son rana ta awa shida ko fiye. Latas, na'a-na'a da alayyafo suna haƙuri da ƙasa da haka. Gefen da ke shan ranar safe ya huta da ta yamma shi ne mafi alheri, domin ranar bazara daga azahar zuwa la'asar dafa ganye take yi.

Nisanci gindin darbejiya da mangwaro, saiwoyinsu za su shanye ruwan da ka zuba. Duba inda indararo ke zuba, kada ruwan soro ya tone maka fangali. Kada lambun ya raɓi kwata ko masai. Sannan a yi shinge tun kafin a shuka, ko na kara, ko zana, ko tsohon gidan sauro. Kaza ɗaya tana iya tarwatsa yafin mako uku kafin a idar da sallar azahar.

Idan tsakar gidanka siminti ne, buhunan shinkafa ko na taki da aka wanke sun wadatar, a cika su da ƙasa a yi shuka a ciki.

Mataki na biyu: ƙasa da taki

Ɗebi ƙasar wurin, ka jiƙa ta kaɗan, ka dunƙula a tafin hannu. In ta wargaje da ka buɗe hannu, jigawa ce: ruwa ba ya zama a cikinta, abincin shuka ma haka. In ta manne tana sheƙi, laka ce: tana riƙe ruwa har saiwa ta shaƙe, in ta bushe ta tsattsage. Maganin duka biyun ɗaya ne, ruɓaɓɓen takin gargajiya.

Kafce ƙasar zurfin santimita 30, ka tsince leda, fasassun kwalabe da tsofaffin batura. Faɗin fangali kada ya wuce mita ɗaya, yadda hannu zai kai tsakiya ba sai an taka ciki ba. Da damina a ɗaga shi ya yi tudu don ruwa ya wuce. Da rani a yi shi komi, ya ɗan faɗa ƙasa da gefe kewaye, don ruwa ya zauna. Kowace murabba'in mita ka juye mata bokiti ɗaya ko biyu na taki, ka cuɗanya, ka ba shi ruwa, ka bar shi mako guda. Ciyawar da za ta fito a wannan mako ka cire ta, ka rage wa kanka noma.

Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona shuka, musamman na kaji. Don haka haƙa ɗan rami a lungu. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ganye, ka bi da kashin awaki ko na shanu, ka bi da ɓawon kayan miya da ragowar ganye, ka yayyafa toka kaɗan da ruwa, ka sake maimaitawa har ramin ya cika. Soka sanda a tsakiya. Bayan kwana uku ko huɗu ka zare ta ka taɓa: in da ɗumi, aiki yana tafiya. In babu, ko ruwa ya yi kaɗan ko busasshen kaya ya yi yawa. Juya shi kowane mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai zama baƙi, marar wari, yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka. Takin juji na cikin gari ba na ba da shawararsa ga ganyen da za a ci, saboda ba ka san abin da aka zubar a ciki ba.

Takin zamani yana da amfani idan an yi shi da ƙima. Kamfa cikin murfin kwalbar lemo ɗaya ya ishi tushen tumatir ɗaya, a binne shi nesa da kara da faɗin yatsu huɗu, a bi da ruwa. Shukar buhu kuwa, kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya takin gargajiya, a huda ƙasan buhun wuri biyar ko shida.

Mataki na uku: me za a shuka, kuma yaushe

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, shuka abin da ke son zafi da ruwa: kuɓewa, yakuwa, rama, lalo, karkashi, kabewa, gauta, alayyafo. Daga Oktoba zuwa Fabrairu lokacin tumatir ne da albasa, latas, kabeji, karas da lansir. Maris zuwa Mayu lokacin riƙon ƙwarya ne: a tsare zogale, ɗaɗɗoya da ɗan alayyafo a ƙarƙashin rumfar zana, a tara taki, a jira.

Mai farawa ya fara da alayyafo. Cikin mako uku zuwa huɗu ake fara ɗiba, kuma wannan nasara ta kusa ita ke ba mutum ƙarfin gwiwa. Tumatirin damina yana da wahala ko ga gwanaye, saboda laima tana kawo cututtukan ganye. Ba banza manoman Kadawa da Kura suka fi yin nasu da rani ba.

Mataki na huɗu: yafi da dashe

Gwada irin kafin ka dogara da shi. Ƙirga ƙwaya 10, ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a inuwa, kada ya bushe. Bayan mako guda ka buɗe. In bakwai ko fiye sun tsira, irin yana da kyau.

Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya shi da yashi kafin a yafa, don kada ya taru wuri guda. Irin lalo yana da taurin kai: ƙulla shi a tsumma, ka tsoma a ruwan zafi na daƙiƙa goma, ka shanya, sannan ka shuka. Kuɓewa, kabewa da zogale kai tsaye ake shuka su, ƙwaya biyu ko uku a rami, daga baya a cire raunana a bar ɗaya.

Tumatir, attaruhu, tattasai da albasa sai an yi musu yafi. Ka ja layuka marasa zurfi, ka zuba iri, ka rufe da ƙasa kaɗan, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai, ka ɗage ta da zarar tsiro ya leƙo. Tumatir yana isa dashe a mako uku zuwa huɗu, barkono biyar zuwa shida, albasa shida zuwa takwas. Yi dashe bayan la'asar, ka jiƙa yafin sosai kafin ka tuge, ka ɗauko shi da ƙasar jikinsa. Tsakanin tushen tumatir da ɗan'uwansa a bar santimita 45, tsakanin layi da layi 60. Sabon mai lambu yakan ji tausayin cire shuka, ya bar su a cunkushe, ƙarshe duk su miƙe sirara babu 'ya'ya.

Mataki na biyar: ban ruwa

Da sassafe ko bayan la'asar, a gindi, ba a kan ganye ba. Da rani murabba'in mita ɗaya kan sha lita biyar zuwa takwas a rana, gwargwadon ƙasa da zafi. Amma ido ba mudu ba ne, ya san ƙima: cusa yatsa a ƙasa zuwa gaɓa ta biyu, in da danshi ka dakata. Rufe saman fangalin da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, za ka ga ruwan ya daɗe.

Ruwan alwala da na wanke shinkafa da kayan miya duk na lambu ne, a tara su a bokiti. Ruwan omo da na kwata ba sa shiga. Inda ruwa ke wahala, binne tulu marar fenti har wuya a tsakiyar fangali, ka cika shi, ka rufe bakin. Zai riƙa tsattsafowa a hankali, saiwoyi su kewaye shi.

Zagayen safe: fara da furanni

Daga nan aikin ya koma na ido. Bayan asuba, idan gari ya waye, ka ba lambun minti goma kafin ka ɗauki bokiti. Fara da furanni, domin yawancinsu da safe suke buɗewa, kuma su ke faɗa maka ko za ka ci 'ya'ya.

Dubi kabewa. Furanninta rawaya iri biyu ne. Namiji yana kan siririn kara mai tsawo. Mace tana da 'yar ƙaramar kabewa a ƙarƙashin furen tun kafin ya buɗe. Maza ke fara fitowa, saboda haka kada hankalinka ya tashi in ka ga fure yana zubewa a makon farko. Amma in 'yan kabewar suna yin rawaya suna faɗuwa, ƙudan zuma ne ba sa zuwa. Sai ka yi aikinsu: tsinki namiji kafin hantsi ya ɗaga, ka cire ganyen furen, ka goga tsinken tsakiya mai gari a tsakiyar macen. Kafin azahar furen ya rufe, damar wannan rana ta wuce.

Furen kuɓewa kwana ɗaya yake yi, rawaya mai haske da ja mai duhu a maƙogwaro. Ranar da ka gan shi ka fara lissafi, bayan kwana huɗu zuwa shida kuɓewar ta isa ɗiba. In ka bari ta ƙosa a jiki, uwar za ta rage haihuwa. Furen tumatir kuwa idan yana bushewa yana kaɗewa a Maris da Afrilu, zafi ne. Da zarar rana ta haura digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba, garin furen yana lalacewa, kuma babu takin da zai gyara wannan. A lokacin sanyi, ɗan girgiza karan tumatir da hantsi yana taimaka wa furen ya kama.

Gwanda ma sai ta yi fure ake sanin jinsinta. Namiji yana sako ƙananan furanni a dogayen rassa masu lilo, mace tana yin babban fure manne da kara. Shi ya sa ake shuka uku a rami, a jira, a bar wadda ake so.

Sai ka ɗaga kai ka dubi na bayan katanga, domin su ne kalandar unguwa. Da hunturu gurjiya tana kakkaɓe ganye ta cika da jajayen furanni, kariya ma haka, ruwan hoda a kan rassa tsirara. Gawo, ƙi ruwan Allah, yana yin ganye da fure lokacin da sauran itatuwa ke zubar da nasu. Mangwaro yana huda cikin sanyi. Wajen Fabrairu da Maris ɗorawa tana rataye jajayen dunƙulenta, da dare jemagu su sha, da safe ƙudan zuma su ƙarasa. Furen kuka fari ne babba, da magariba yake buɗewa, shi ma jemage ne baƙonsa. Idan ruwan farko ya sauka, albasar kwaɗi tana ɓullo da fararen furanni masu ratsin ja a wuraren da jiya fako ne. Ɓaure kuwa furensa a cikin ɗan yake, kuma ƙananan ƙwarin da ake gani idan an tsaga shi su ne masu yi masa barbara.

Akwai furannin da gargaɗi suke yi. Ƙuduji, wato wuta-wuta, mai kyawun furen ruwan hoda, idan ya fito a gindin 'yar masarar da ka shuka, ƙasar ta gaji. Tuge shi kafin ya zubar da iri, domin tushe ɗaya yana yin ƙwayoyi dubbai masu iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma. Zaƙami mai dogon fure da 'ya'ya masu ƙaya guba ne, kada a bar shi a gidan da ke da yara. Nonon tumfafiya yana cutar da ido, na kariya ma guba ne, a wanke hannu bayan an taɓa su.

Lemar kwaɗi

A tsakiyar marka, cikin Agusta, za ka wayi gari ka ga lemar kwaɗi, wadda wasu ke kira naman kaza, ta fito a fangali ko a bakin ramin taki. Mutane da yawa sukan tsorata su ɗauka cuta ce. Abin da ka gani a sama 'ya'ya ne kawai. Ainihin jikinta fararen zarurruka ne a cikin ƙasa, irin waɗanda za ka tarar in ka ɗaga ruɓaɓɓen ganye, kuma aikinsu narkar da ciyawa da itace su zama abincin shuka. Fitowarta a fangali alama ce cewa akwai taki da danshi. In ta yi yawa ƙwarai da rani, ruwan da kake zubawa ne ya wuce kima.

Ka lura da inda ta fito, domin shi ne rabin saninta. Ƙananan masu launin toka da ke fitowa a kan kashin shanu kafin azahar sun narke sun yi baƙi. Masu fitowa a kan suri ko kusa da shi suna da doguwar jijiya da ta nutse har cikin gidan gara, domin garar ce ke noma su a ƙarƙashin ƙasa, kuma cikinsu akwai waɗanda ake ci a sassa da dama na Najeriya. Wadda ke manne da gindin itace, mai tauri, mai sheƙin ja-ja a sama da fari a ƙasa, labarinta ba daɗi: cikin itacen yana ruɓewa. In itacen yana kusa da ɗaki ko katanga, a nemi mai sara ya duba shi kafin iskar farkon damina.

Ga gwajin da yara ke jin daɗinsa. Yanke hular, ka kife ta a kan takarda, rabi fara rabi baƙa, ka rufe da kofi, ka bari ta kwana. Da safe za ka ga garin irinta ya zana siffar ƙasan hular a takardar, fari, ko ruwan ƙasa, ko baƙi. Akwai wata babba fara mai ɓamɓaroki ruwan ƙasa a hula da zobe a kara, mai son fitowa a cikin ciyawa. Garinta kore-kore ne, kuma tana sa amai da gudawa mai tsanani.

Kada wannan gwaji ya sa ka ci. Ba a gane mai guba da launi, ko da wari, ko don an ga akuya ta ci, kuma dafawa ba ta kashe gubar masu kisa. Mafi haɗarinsu ba sa nuna alama sai bayan awa 6 zuwa 24, lokacin da suka riga suka taɓa hanta. In yaro ya ci, a kai shi asibiti nan take tare da ragowar abin da ya ci, ko da yana wasansa lafiya. Taɓawa da hannu ba ta kisa, a dai wanke hannu.

Danginta na funfuna su ne ke ɓarna a lambu. In yafi yana karyewa daga wuya yana kwanciya, ruwa da cunkoso sun yi yawa: rage ruwa, rage shukar, bar iska ta shiga. In ganyen kuɓewa ko kabewa ya yi farin gari a sama da hunturu, cire waɗanda suka kamu ka ƙone su, kada ka jefa su ramin taki.

Tsuntsaye

Hanya mafi sauƙi ta jawo tsuntsaye ita ce ruwa. Samu kasko ko tsohon faranti marar zurfi, ka sa dutse ɗaya a tsakiya, ka ɗora shi a inuwa inda kyanwa ba za ta yi kwanto ba. Canza ruwan kullum, ka goge kaskon, don kada sauro ya hayayyafa. A watan Afrilu wannan kasko sadaka ce, kuma cikin 'yan kwanaki za ka ga baƙin da ba ka san suna unguwarku ba.

Zauna nesa kaɗan, ka yi shiru. Duk tsuntsun da ya sauka ka tambayi kanka abu huɗu: girmansa in an gwada da gwara ko kurciya, siffar bakinsa, inda launi yake a jikinsa, da abin da yake yi. Baki ya fi komai faɗin gaskiya. Gajere mai kauri na macin tsaba ne, siriri miƙaƙƙe na macin ƙwari, dogo mai lanƙwasa na mashayin ruwan fure.

Kurciya ce za ta fara zuwa, sai hasbiya mai jan kewayen ido daga kan soro. Baiwar Allah ba ta tsoron mutane, har gindin turmi take zuwa tsintar tsaki. Namijin ja ne, macen ruwan ƙasa. Asisi shuɗi ne mai haske, namijin da jan tabo a kumatu. Koji, mai baƙin kai da ɗan tukku, shi ke fara kuka da asuba, kuma shi ne zai huda maka gwanda da tumatirin da ya nuna. Maganinsa a tsinke da zarar sun fara ja, su ƙarasa a ɗaki, ko a rufa musu tsohon gidan sauro. Ƙulƙulu yana zuwa da hayaniya idan ɓaure ko darbejiya sun nuna. Ragon maza ba ya son tashi, yana rarrafe cikin shinge, kukansa kamar ana tsiyayar ruwa daga gora.

Wanda na fi so mai lambu ya sani shi ne sha-kauci, ɗan ƙarami mai lanƙwasasshen baki, namijin yana walƙiya kore da ja idan rana ta haske shi. Yana bin furen kauci, minjirya da zogale, yana ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan, kuma yana ciyar da 'ya'yansa da ƙananan ƙwari da gizo-gizo. Ka bar tushen zogale ɗaya ya yi fure maimakon ka riƙa datse shi duka, za ka same shi. In ka gan shi yana yawan sauka a reshe ɗaya na itacen gidanka, duba da kyau, mai yiwuwa kauci ya kama reshen, sai a sare shi tun bai yaɗu ba.

Masu yi maka aiki kyauta suna da yawa. Alhudahuda, wanda aka ambata a Suratun Namli, yana soka dogon bakinsa a ƙasa yana zaƙulo tsutsa da gwazarma. Tsanwaka mai launin shuɗi tana zama a kan wayar lantarki tana faɗowa kan fara. Cilakowa ma macin fara ne. Macen takan shiga kogon itace a liƙe ƙofar a bar 'yar tsaga, namijin ya riƙa miƙa mata abinci har ta ƙyanƙyashe. Mujiya, da ake jifa saboda camfi, ɓeraye take ci. A hana yara harbinsu da danƙo, a nuna musu sheƙa daga nesa, a koya musu kada su taɓa ƙwai.

Tsuntsaye ma kalanda ne. Shamuwa tana iso mana gab da damina, ta yi sheƙa a manyan itatuwan gari, da kaka ta koma gabashi da kudancin Afirka. Ganinta na nufin a gama gyaran fangali, a fito da irin kuɓewa. Idan namijin gado ya yi ado da rawaya ya fara saƙa, zalaidu ya fito da doguwar wutsiya, damina ta zauna. Daga Satumba zuwa Oktoba kuma baƙi ke sauka daga Turai bayan sun ƙetare Sahara, su zauna har Maris ko Afrilu. Mai son ganinsu da yawa ya je dausayin Haɗejiya da Nguru, wanda wani ɓangarensa ya shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2000, ko wurin tsuntsayen ruwa na Dagona a Yobe.

Ka lura da wanda ya daina zuwa ma. Dattawa sun san lokacin da ungulu ke cika mahauta da kasuwanni, yau a garuruwa da yawa sai a shekara ba a ga ɗaya ba. A 2015 aka sa irin ungulun da muka saba gani cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.

Idan ƙwari suka zo

Juya ganye ka dubi bayansa, nan ɓarna ke farawa. Darɓa tana taruwa a kan sabon toho, ganye ya nannaɗe ya yi danƙo, tururuwa suna hawa da sauka. Farin ƙuda yana tashi in ka girgiza shukar. In ka ga fararen hanyoyi masu faɗi a cikin ganyen tumatir da ƙananan huji a 'ya'yan, sharon ce, tsutsar da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016. Tsinke ganyen da ta kama ka ƙone.

A ɗan lambun gida hannu ya fi feshi: tsince tsutsa, murtsuke darɓa, wanke da ruwa. In abin ya fi ƙarfin hannu, daka busassun ƙwayoyin 'ya'yan darbejiya giram 500, ka jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, ka tace, ka sa ɗan sabulu, ka fesa bayan la'asar lokacin da ƙudan zuma suka koma. Maimaita bayan mako guda. Fiya-fiya da sauran magungunan kashe sauro da kyankyaso kada su kusanci ganyen da za a ci. Suna cutar da masu cin miyar, suna kuma kashe ƙoƙi-ƙoƙi, rina, kwaɗi da ƙudan zuma, waɗanda ke taya ka tsaron lambun.

Rubutu da ajiyar iri

Sayi ɗan littafi mai arha ka rataye kusa da lambu. Layi ɗaya a rana ya isa: kwanan wata, abin da ka shuka, furen da ya buɗe, tsuntsun da ya sauka, ranar ruwan farko, ranar da ka fara ganin shamuwa. Ka tambayi tsofaffi, makiyaya da mafarauta sunan abin da ba ka sani ba, ka rubuta sunan yadda suka faɗa da garin da ake faɗarsa haka, domin suna yakan bambanta tsakanin Sakkwato da Haɗejiya. Mai babbar waya zai iya ɗaukar hoto ya sa a manhajar iNaturalist, ko ya gwada Merlin don tsuntsaye. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos tana tattara bayanan tsuntsayen Najeriya, waɗanda sun haura iri 900, daga hannun masu sa kai ta manhajar BirdLasser, kuma abin da aka gani a tsakar gida ma yana shiga lissafi.

Da kaka, zaɓi tushe mafi lafiya na kuɓewa, alayyafo da yakuwa, ka ɗaura masa tsumma don kada a ɗiba, ka bar shi ya ƙosa ya bushe a jiki. Shanya irin a inuwa har ƙwayar ta yi ƙaras in an ciza, domin iri mai danshi funfuna ke cinye shi. Gauraya shi da toka kaɗan, ka zuba a kwalba mai murfi, ka rubuta suna da shekara a jiki, ka ajiye a ɗaki mai sanyi nesa da murhu. Irin tumatir da ka saya a gwangwani ko leda, in an rubuta F1 a jikinsa, kada ka ajiye 'ya'yansa don shuka, ba za su fito kamar uwarsu ba. Irin su UC82B da Roma su ne ake iya ajiyewa a sake shukawa.